Ɗinki Biyu

Da rana mutane nake ɗinkewa
a asibitin Marwa.
Fatar mai rai takan zabura,
takan tambaye ni ko tabo zai zauna.

Bayan lisha, a Domayo,
fatar akuya ce a cinyata,
da warin bagaruwar majemar Hamajoda.
Ita ba ta tambaya.
Na jiƙa ta, na buga mata ƙusa mai kan tauraro
sau arba'in. Bugu na gaba ya karkace.
Na bar shi.

Karan dafi ya rine mini farce;
gobe wani zai zaci jini ne.

Alaben na ƙanwata Astajam ne,
mai cewa dukanci ba gadonmu ba ne.
Da gaskiyarta.
Sau uku ke nan tana aiko yaro:
an gama?