Om Huɗu

A Rijiyar Ɗorowa, rumfar Sahabi mai gyara,
inda zafin bazara ke neman narka dalma ba wuta,
Modi ya sauko da amfilifaya daga kan babur
kamar mai kawo majinyaci da tsakar rana.
Ƙaurin waya ya riga shi yin sallama.

Sahabi bai ɗauki sukudireba ba.
Ya sunkuya, ya shinshina, ya juya bayanta,
ya murje datti da babban yatsa:
"Karanta nan." Modi ya ce, "Om huɗu."
"Akwati nawa ka ɗaura mata?"

"Huɗu. Biki ne a Mabera,
sun ce kiɗan ya riƙa dukan ƙirji.
Kowane akwati om takwas ne,
na ce takwas sau huɗu, ai ta sami sarari."

Sahabi ya yi dariya har tabarau ya zame.
"Wanga lissafin 'yan goro ne.
In ka haɗa ja da ja, baƙi da baƙi,
raguwa suke yi.
Takwas biyu su dawo huɗu,
takwas huɗu su dawo biyu.
Ƙofa ta yi faɗi, wuta ta kwarara,
ita ko ba ta iya cewa a'a ba.
Ka ba ma'aikaci ɗaya gonar mutum biyu,
shina noma, shina noma, har ya faɗi cikin kunya."

"To, in nemo ƙarama?"

"Ƙarama in ka murɗe ta har ƙarshe
murya ta dishe, ta yi kaushi, ta soye koyil.
Babba in ka sakar mata linzami
ta yage takardar sifika kamar tsohon zane.
Wat ɗari biyar gare ta,
nemi akwatunan da za su ɗauki ɗari biyar,
ka bar wa maɓalli wurin numfashi."

Ni ina gefe, riƙe da mita,
ina miƙa taransisto, ina fifita.
Bayan la'asar muka jona akwati biyu kacal.
Sahabi ya murɗa, sannu, sannu.
Ƙasa ta yi gurnani,
shayi ya yi rawa cikin kofi,
kwanon rumfa ya amsa.
Ya ɗora tafi a bayanta, ya daɗe.
"Ɗumi kawai," ya ce.

Sauran akwatuna biyun suna waje.
Modi ya zauna kan ɗaya
yana ƙirga kuɗin gyara, yana sake ƙirgawa.