Tafinta

Shekara tara ina juya kukan mutane zuwa Turanci
a kotun iyali, nan Kumasi.

Barikisu ta ce, “Sidi ɗari biyu ba ya kai mu tsakiyar wata,
ko koko muke sha.”
Muntari ya ce, “Ina biya,
amma ɗana sai dai leƙe ta katangar makaranta.”
Na fassara. Aka ɗage zama,
karo na bakwai.
Kuɗin mota daga Aboabo ya cinye na ciyarwa.

Jiya manya sun zauna gyaran doka,
wasu bayan uwa, wasu bayan uba,
har shayi ya huce.

Da an tambaye ni:
yaron can a baranda, mai ƙirga ƙadangaru,
yana da baki.
Ba a taɓa cewa in fassara shi ba.