Layi na Bakwai

Ranar Talata a Calumet, dusar ƙanƙara ta kai gwiwa.
Na kakkaɓe takalmana a ƙofar banki,
na shiga da rayuwar ubana cikin ambulan guda.

Marlys ce mai hatimi. Tabarau a karan hanci,
shayinta ya huce a gefen na'ura.
Ta san Toivo Kangas, wa bai san shi ba a garin nan?
Shekara talatin da ɗaya yana gyaran injin jiragen ruwa,
bai taɓa biyan wani ya ɗaura masa ƙusa ba.

Ta ce, "Abin da ya bari bai kai a je gaban alƙali ba.
Takardun nan sun isa, in kin rantse."
Bai kai ba.
Maganar ta tsaya mini a wuya kamar ƙayar kifi.

Na fara lissafi.
Akori-kura ɗaya, tsatsa ta cinye ƙasan ƙofarta.
Kwalekwale mai suna Aili, sunan uwata.
Dala dubu huɗu da ɗari biyu da sha ɗaya a asusu.
Bindigar farauta da ya rataye tun da ido ya gaza.
Sai ɗan tsiririn fili a bakin tafki, shi takardarsa daban,
da bukkar wankan tururi da ya gina
da itacen da guguwa ta kayar.
Maƙwabci zai saya, har ya ba da kafin alƙalami.

Babu gurbin da ake rubuta tarinsa na asuba,
ko yadda yake rungume burodi a ƙirji yana yanka,
wuƙa tana nufo shi, bai taɓa yankewa ba.

Layi na bakwai ya ce: ambaci dukkan magada.

Biro ya tsaya.

Ina da wa. Reino.
Shekara sha tara ke nan da ya bugo ƙofa har madubi ya faɗo,
ya yi yamma, wai Alaska, wai kamun kifi.
Kati ɗaya ya aiko, bayansa babu adireshi.
Ni na riƙa juya tsoho a gado. Ni na wanke zannuwa.
Ni na koyi niƙa ƙwaya in ɓoye ta cikin zuma.
A daren ƙarshe ya riƙe hannuna ya ce, "Reino,"
na ce, "Na'am."

Wa zai sani?
Marlys ta zo garin ne bayan tafiyarsa.
Takarda ba ta da ido.
Rabin fili, rabin mota, rabin asusu,
kuma wa ya taɓa tuƙa rabin kwalekwale?

Ta juya tana kallon motar kwashe ƙanƙara ta taga.
"Kada ki gaggauta," in ji ta. "Hatimi ba ya gudu."

Na rubuta sunan, harafi biyar,
na danna har biro ya kusa huda takardar.
Wurin zama: ban sani ba.
Yana raye? Ban sani ba.

Ta karanta, ta cire tabarau.
"Kin san wannan zai ja lokaci. Sai an neme shi,
sai an buga cigiya a jarida.
Cinikin fili sai bayan narkewar ƙanƙara, in mai saye ya jira."
Na ce na sani.

"Ɗaga hannun dama."
Na ɗaga hannun da tsoho ya riƙe.
"Kin rantse duk abin da ke nan gaskiya ne, iyakar saninki?"
Iyakar sanina kaɗan ne, amma na rantse.
Hatimi ya ciji takarda, ya bar zoben haƙora.
Dala biyar, ta ba ni rasit.

A waje akori-kura ta ƙi tashi.
Na taka totur sau biyu, na ƙirga goma, na sake murɗa makulli,
yadda aka koya mini ina 'yar shekara sha shida.
Ta yi tari, ta kama.
Sai da na wuce coci na tuna
ba Baba ne ya koya mini ba.