Kantar Kurakurai

A Stoke-on-Trent, garin da yumɓu ya girmi kowa,
muna gina kofuna da butocin shayi.
Mu arba'in da uku ne,
ban da magen da ke kwana a gindin murhu.

Ciniki ya yi sanyi tun bara.
Sai Mista Hollins ya sa aka fente ɗaki guda ruwan ɗorawa,
aka zuba kujeru masu laushi,
irin waɗanda in ka zauna sai an miƙo maka hannu ka tashi.
Ya ce duk Talata ƙarfe goma
mu shigo mu haifi sabuwar dabara.

Ƙarfe goma!
Ko kaza ba ta saka ƙwai don an duba agogo.

Mako tara muna shiga.
Shi ke tambaya, shi ke amsa,
mu kuwa sai gyaɗa kai kamar ƙadangaru a katanga.
Ƙananan takardun da muka manna a bango
suka yi ta faɗowa ɗaya bayan ɗaya,
Doreen ta share su da yamma.

Ni ma akwai magana a bakina.
Amma ina wurin aka yi wa Gethin dariya
ranar da ya ce a yi buta mai hannu biyu
saboda tsofaffi masu rawar hannu.
Na ga gemunsa ya kama wuta,
na shafa wa nawa ruwa.

Wata Laraba cikin Nuwamba,
Kasia mai koyon aiki ta manta ba ta rage wuta ba.
Kofi ɗari biyu suka fito da ɗigo-ɗigo
kamar bayan zabo.
Kafin maigida ya sauko har ta cire rigar aiki,
ta ninke, ta ajiye.
Ya ɗauki kofi ɗaya, ya juya shi, ya daɗe yana kallo.
Muna jiran tsawa.

Ya ce, "Nawa wutar ta kai? Kin rubuta?"
Ba ta rubuta ba.
"To, sake ɓata min guda goma.
Wannan karon ki rubuta."

Washegari ya kafa katako a bangon wurin shan shayi.
Ya ɗora kofin.
Gefensa ya jingina takardar yumɓu tan shida
da ya taɓa saya, bai yi amfani ba,
ga sunansa a ƙasa, ɓaro-ɓaro.
Bai yi jawabi ba.

Daga nan kanta ta fara cika.
Murfin da ya ƙi zama,
hannun da ya karye a gwaji na uku,
wani shuɗi da ya koma kalar miyar kuka.
Kowa ya ajiye nasa ya tsaya ya ba da labari,
shayi na hucewa.

Nan Doreen ta buɗe baki,
bayan shekara ashirin da shida tana goge teburanmu.
"Butocinku suna dalala.
Ku ba ku sani ba, ni ke riƙe tsumma."
Ta kama ɗanyar buta,
ta danna bakin da babban yatsa, kaɗan,
kamar mai share wa jariri leɓe.

Sai na faɗi tawa:
yadda kakata a Kwatarkwashi
take goge tukunya da ɗan dutse mai sulɓi
kafin ta ga wuta.
Na gwada. Bakwai suka tsage.
Suna kan kanta, da sunana.
Ta takwas tana sheƙi kamar goshin amarya.

Ciniki bai gama farfaɗowa ba, kada in yi ƙarya.
Wani gidan kula da tsofaffi a Leek
ya nemi butar Gethin guda sittin.
Kasia na kan gwaji na talatin da ɗaya,
zabon nan har yau bai dawo daidai ba.

Ɗakin ruwan ɗorawa yanzu kwalaye ne a ciki.
Mage ta gaji kujera mai laushi.
Ita kaɗai ke zuwa ranar Talata,
kuma ba ta taɓa makara ba.