Saukowa daga Tusheti

Eteri ta kunna kyandir tun gari bai waye ba,
ta kafa shi gaban gicciyen da ubanta ya sassaƙa.
Ba ta ce mini in yi hankali ba.
Shekara arba'in da aure, ta san taurin kunnena,
sai ta kai maganar ga Mai ji.

Tumaki ɗari huɗu da bakwai, dawaki biyu, karnuka uku,
da jikana Otari, ɗan shekara sha huɗu,
wanda bai taɓa ƙetare wuyan dutsen nan da ƙafa ba.
Dole mu sauka kafin ƙanƙara ta kulle hanya.
In ta kulle, sai baɗi.

Ran farko rana ta yi mana kara.
Rana ta biyu da hantsi
gajimare ya sauko ya zauna a kan turba.
Na miƙa sandata, ban ga bakinta ba.
Dama rami, ba a tambayar zurfinsa,
hagu bangon dutse yana tofar da tsakuwa.

Otari ya ce, Kaka, ina muka dosa?
Na ce, gaba.
Ya ce, kana gani?
Ƙarya ta zo har bakina, na haɗiye ta.
Na ce, ba na gani, yaro.
Dubi tumakin nan,
wacce a cikinsu ta san sunan garin da za mu?
Muryata suka riƙe, suna jefa ƙafa.
Ni ma akwai muryar da na riƙe.

A ciki kuwa hanjina na kaɗawa.
Na ce, Yesu, a gaban waɗannan ni makiyayi ne,
a gabanka tsohuwar tunkiya ce ni, mai gardama,
wadda ta sha tsallake shinge.
Ban ce ka ɗauke gajimaren ba.
Nuna mini inda zan sa ƙafa ɗaya,
in na sa, sai mu yi maganar ta biyun.

Can baya wata gurguwa ta kwanta, ta ƙi tashi.
Na zage ta, na zagi uwar da ta haife ta.
Muka tsai da garke, na koma na saɓo ta a wuya,
tana huci a kunnena, ina lissafin lokacin da ta cinye mana.
Ban kai ga sauke ta ba
muka ji dutse ya yi gyaran murya a gabanmu,
sannan ya zubo.
Da ƙurar ta lafa, inda da muna tsakiyarsa
babu hanya, sai tarin duwatsu kamar ɗakuna.

Otari ya dubi gurguwar, ya dube ni.
Babu wanda ya ce uffan.

Kada in yi wa labarin kwalliya:
sha ɗaya sun firgita sun faɗa ramin,
har da ragon da na yi wa Eteri alkawari.
Ban san dalili ba, ban kuma samu amsa ba.
Mun kwana a tsugune, sanyi na cin ƙashi,
da safe muka share rabin taku muka ratsa ɗaya bayan ɗaya.

Yanzu ga mu a kwari, ciyawa har gwiwa.
An aika wa Eteri cewa Revazi ya sauka da yaron.
Na shiga ƙaramar majami'ar bakin rafi
da warin tumaki a rigata,
na tsaya, kalmomi suka ƙi zuwa.
Wanda ya ƙirga mu a kan dutse ya san adadinmu.

Gurguwar tana nan, tana ɗingishi, tana ci.
Mahauci ya taya ta jiya.
Na ce ba ta sayarwa ba ce.