Murfin Kwalba Goma Sha Ɗaya

A bayan shagon gyaran injin jirgi, a Yelwa,
inda warin fetur ke kokawa da ƙarnin kifi,
mu tara muka zauna bayan isha'i.
Yanzu agogon Dantani ya ce biyu da kwata,
mun rage uku, fitila ɗaya, sauro ba adadi.

Murafen kwalba ne kuɗinmu, an ƙirga daidai,
kowa ya saya da abin da kogi ya ba shi.
Sharaɗi tun farko: biyun ƙarshe su raba tulin,
na uku ya kakkaɓe wando, ya nemi takalminsa.

Arzika ya tara tudu a gabansa,
har sai ya leƙo ake ganin gemunsa.
Kakale huɗu gare shi, yana shafa su da yatsa
kamar mai lallashin 'yan tsaki kada su watse.
Ni ina tsakiya, goma sha ɗaya,
kuɗin dole kuma yana hawa kowane zagaye
kamar ruwan Agusta a kan matakalar kwata.

Aka raba. Na ɗaga gefen takarduna:
tara da tara.
Kafin in haɗiye yawu
Arzika ya sa hannu biyu ya turo tudun gaba ɗaya,
bai ko cire tsinken da ke bakinsa ba.
"Duka," in ji shi.

Na san shi. Da bakwai da biyu ma zai yi haka.
Mai turawa gidansa ƙofa biyu ne:
ko ka tsorata ka kife, ko ka biyo ya doke ka.
Mai amsawa ƙofa ɗaya gare shi,
ita ma a bakin rijiya take.

Na fi shi takarda, zuciya ta rantse.
To, in na fi shi sau bakwai cikin goma,
sauran ukun fa, wa zai biya mai gyaran inji?
Ga Kakale can, numfashi ɗaya ya rage masa,
zagaye biyu kuɗin dole zai cinye shi ba ni ba.
Wanda ya hango gaɓa
ba ya tsalle cikin ruwa don ya nuna ya iya iyo.

Na kife tara biyu.
Hannuna ya ƙi barin bayansu, sai da na janye shi.
Arzika ya yi dariya ta hanci, ya nuna min goma da uku.

Sai Kakale ya tura huɗunsa, ido rufe,
ya ci.
Ya sake turawa, ya sake ci.
Wanda nake jiran jana'izarsa ya tashi yana neman shayi.

Yanzu nawa shida ne.
Lissafin da ya hana ni ɗazu
shi ne kuma yake tunkuɗa ni ta baya:
jira ya zama ɓera a cikin rumbu.
Sarki da biyar, ba su da kyau, ba su da muni.
Na tattara shidan, sun yi sanyi a tafina,
na tura su tsakiyar tabarma.

Arzika ya kife, abin bai dame shi ba.
Kakale ya dubi takardunsa, ya dube ni,
ya ƙirga nasa, leɓensa yana motsi.
Na ga rijiyar nan ta koma bakin ƙofarsa.

A waje wani kwalekwale ya tayar da inji,
ya mutu, ya sake tayarwa.
Dantani ya rage lagwanin fitila, mai ya yi ƙasa.
Kakale har yanzu yana ƙirgawa.