Bakace a Rafindaɗi

An ɗauke wuta tun azahar.
Ina tsakar gida, kwamfuta a cinya,
caji saura kashi goma sha ɗaya,
Inna Dudu na bakacen gero a gindin darbejiya.

"Rumasa'u, mi kike nema cikin wannan dabbare-dabbaren?"

Haske ne, Inna, wanda ya girmi kowane haske.
Ya kamo hanya tun ba a ɗora tubalin Gobarau ba,
tun babu laka, babu ruwan kwaɓa ta,
tun rana ba ta san gabas ba.
Ya iso a gajiye, ya huce sarai,
ido ba ya kama shi, sai kunnen na'ura.

A hanya ya bi ta gefen masu nauyi,
garken taurari, da wani abu da ba ya haske,
kowa ya ɗan ja shi gefe,
kamar yadda muciya ke karyewa a ido
in kin tsoma ta cikin ruwa.
'Yar karkatar nan nake aunawa.
Da ita ake sanin nauyin abin da ba a gani.

"To mi ya hana?"

Maƙwabta, Inna.
Taurarinmu na kusa da hayaƙinsu,
wasu na nesa na ihu kamar rediyon Ɗan'azumi mai shayi.
Abin haushi, waɗanda suka lanƙwasa shi
su ne kuma ke surutu a kansa.
Wata uku ina cirewa.
Jiya na yi ta cirewa har na rasa abin aunawa.

Ta yi dariya, haƙorin Makka ya kama yamma.
Ta kaɗa faifai sau biyu, ta tsaya.
"Dusa da tsakuwa ba hannu ɗaya ke fid da su ba.
Dusa ta iska ce, tsakuwa sai an kai ruwa.
Mai zafin bakace kuwa, kaji take yi wa noma."

Na yi shiru.
Ta tasha shida muka saurari sama,
kowace dauɗa da tashar da take ɗaga murya.
Na sani. Na karanta, har na koyar.
Ban dai taɓa jin sa da ƙamshin gero ba.

Kwamfuta ta mutu.
Inna ta miƙo mini faifai:
"Riƙe nan. Sassauta wuyan hannu."
Kaɗawa ɗaya, rabi ya zube.

Kaza da 'ya'yanta ba su fito a sama ba tukuna.
Na ƙasa ne suka rugo.